RA'AYINMU: Mu Rage Roba A Ɗakunanmu Tun Kafin Doka Ta Ƙwanƙwasa Mana Ƙofa

A cikin watan Janairu na 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta ba da sanarwa, ta bakin Kwamishinan Muhalli da Albarkatun Ruwa, Mista Tokunbo Wahab, cewa ta hana sayarwa da yin amfani da 'yar farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba abinci a ciki, wadda jama'a ke kira tekawe. Daga ran 1 ga watan Yuli na 2025 kuma aka fara zartar da hanin a kan sauran tarkacen roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, watau tsinken shan lemo, da kofuna da cokula na yarwa, da leda shara-shara wadda kaurinta bai kai maikiron 40 ba. A wannan mataki dokar ba ta taɓa ledar piya wata da gorunan ruwa da na lemo ba. Ita ma Gwamnatin Tarayya, a watan Yuni na 2024, ta amince da hana irin waɗannan kaya a ma'aikatu da ofisoshinta.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu 'yan Arewa mazauna Kurmi. Mai shayi da mai tsire, da mai kayan gwari, da mai tireda a bakin get, da matar da ke sayar da tuwo ko waina a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, kusan dukansu da leda suke sallamar mai saye. Waɗanda ke Sabon Badun da Shagamu da Binin da Anacha da Fatakwal kada su ce abin na mutanen Ikko ne kawai, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu a namu ra'ayin, gwamnati ta yi daidai, ko da yake akwai gyara a yadda ake gudanar da abin, za mu kuwa zo kansa. Amma kafin a yi maganar kasuwa da titi, ya kamata kowa ya fara duba ɗakinsa, domin daga ɗaki sharar ke fitowa. Kuma a duk cikin mazauna ƙasar nan mu ne bai kamata wannan canji ya yi wa wuya ba, tun da mun taso ne a gidajen da ƙwarya da faifai da randa ke yin aikin da roba ke yi yau.

ABIN DA YA SA AKA YI DOKAR

Duk wanda ya taɓa yin damina a Ikko ya ga dalili da idonsa. Ruwan sa'a biyu ya isa ya mai da titi kogi, ya shiga shaguna da ɗakunan kwana, ya jiƙa katifa da buhunan kaya. In ruwa ya janye aka leƙa kwata, abin da za a tarar ya toshe ta shi ne leda da tekawe da gorunan roba. Hukumar kwashe shara ta jihar, watau LAWMA, tana ƙiyasta cewa birnin na fitar da shara wajen tan 13,000 kowace rana, kuma wanda ya bi ta Ojota ya hangi tsaunin juji na Olusosun ya san ba a yi ƙari ba.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A 1950 robar da duniya duka ke ƙerawa a shekara ba ta wuce tan miliyan 2 ba, yau kuwa ta haura tan miliyan 400, kuma abin da ake sake narkarwa a yi wani abu da shi bai kai kashi 10 cikin 100 na sharar ba. Saura ana binnewa, ko a ƙone, ko ruwa ya kwashe zuwa teku. Ita roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko kara. Rana da ruwa suna farfasa ta ne kawai ta zama ɓurɓushi, kifi ya haɗiya, mu kuma mu ci kifin. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan sun ba da rahoton samun irin wannan ɓurɓushi a cikin jinin mutane.

Ƙasar Bangaladash ce ta fara hana leda shara-shara a 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyar da aka yi can. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. A Ankara, babban birnin Gana, inda 'yan'uwanmu ke da zango-zango, ambaliya da gobarar gidan mai ta ran 3 ga Yuni, 2015 sun ci rayuka fiye da 150, kuma toshewar magudanai da shara na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Makwabciyarmu Nijar ita ma ta kafa dokar hana leda a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa can ya san leda ba ta ɓace ba. Darasin da ke nan shi ne doka ita kaɗai ba ta raba mutum da abin da ya saba, sai in yana da abin da zai maye gurbinsa a hannu.

Akwai kuma hasarar da ta fi kusa da aljihunmu. A tambayi mahauta a mayankar Oko-Oba ko ta kowane gari irin ƙullin ledar da suke ciro wa daga tumbin shanu da tumaki. Dabbar da ta cika cikinta da leda ba ta iya cin abinci sosai, sai ta yi ta ramewa har ta faɗi, mai ita yana ta sayen magani bai san abin da ke damunta ba. Sa'an nan kada a manta a watan Oktoba na 2023 hukuma ta rufe kasuwar Mil 12 na 'yan kwanaki saboda ƙazanta. Mai tumatir da mai tattasai sun san abin da rufe kasuwa na kwana uku ke nufi ga kayan da ba su jiran kowa. Baƙo kuwa, in aka tashi neman wanda za a ce shi ya ɓata gari, shi ake fara nunawa da yatsa. Bai kamata mu ba da wannan ƙofa ba.

MU DUBA ƊAKUNANMU

Yawancinmu a nan ɗaki ɗaya muke haya, wani da iyali, wani da abokan sana'a huɗu ko biyar. A leƙa irin wannan ɗaki yau a gani. Ƙarƙashin gado jakunkunan bakko ne cike da tufafi, bayan ƙofa leda ce cike da ledoji, a lungu ga jarka da bokiti da baho, wani ya tsage wani ya rasa mariƙi, ga robobin fenti da na man shafawa an mai da su mazubin gari da gishiri. Tabarma ta roba, buta ta roba, tsintsiya ta roba, har soson wanka. Tuwo ana kwashe shi da zafinsa a ƙulla a leda, koko da kunu a leda, alala a dafa ta a leda, sa'an nan in za a hura gawayi a kunna leda a ɗiga a kai, yara na zaune suna shaƙar hayaƙin.

Wannan na ƙarshe ya kamata a daina shi yau ba sai gobe ba, gama hayaƙin roba guba ne ga huhu. Haka nan masana sun tabbatar cewa zafi da maiƙo suna sa sinadaran da ke jikin roba su riƙa zubowa cikin abinci. Sinadarin da ake yin tekawe da shi, mai suna sitairin, hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a 2018 cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo. Ba mu ce wanda ya ci shinkafa a tekawe sau ɗaya zai kwanta ba. Amma mutumin da kullum safe da rana da dare abincinsa mai zafi a roba yake, shekara da shekaru, ya kamata ya yi wa kansa tunani. Rigakafi ya fi magani.

To, da me iyayenmu suka yi ta tsara ɗakunansu kafin roba ta zo? Daga duma kaɗai ana samun masaki na aikin gari, da ƙwarya ta fura da nono, da ƙoƙo, da ludayi, da mara ta kwasar tuwo, da gora ta ruwa, da buta. Daga kaba ana saƙa tabarma da faifai da mafici da igiya. Adudu mai murfi shi ne akwatin tufafi, ragaya kuwa ita ce ke rataye ƙwarya a sama inda kyanwa da kaza ba su kaiwa. Maginan tukwane suna ba da randa da tulu da kasko da tukunyar miya, masassaƙa su ba da akushi da muciya da turmi. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa kalmar lefe sunan wani kwandon kaba ne ba, wanda a cikinsa ake kai kayan aure kafin akwatuna su karɓe aikin su bar mana sunan.

Abin lura game da waɗannan kaya shi ne kowannensu yana da mai gyara, kuma yana da makoma. Ƙwarya in ta fashe gyartai ya ɗinke ta, ta ƙara shekaru. In ta gama yawo sai ta zama sakaina, daga nan ta koma ƙasa. Tsohon kwando ya shiga murhu ko ya zama taki. Bokitin roba kuwa in rana ta gasa shi ya tsage, iyakarsa kwata ko juji, kuma jikokinmu za su tarar da shi can.

Ba mu ce a koma zamanin da ba, kuma ba mu ce kowa ya kwashe robobinsa ya zubar ba. Wanda ya yi haka ya ƙara wa juji kaya ne kawai. Abin da muke ba da shawara shi ne a bi abin sannu a hankali: robar da ke da ƙwari a ci gaba da mora har ta mutu, in ta mutu a maye gurbinta da abin da ƙasa za ta iya ci, ita kuwa ta yarwa a daina karɓarta tun yanzu.

INDA ZA A FARA

Na farko, zuwa kasuwa. A ajiye kwando ɗaya ko jakar yadi ɗaya a bayan ƙofa, duk mai fita cefane ya ɗauka. Kowane tela yana da ƙyallayen atamfa da shadda da zai iya haɗa jaka da su a kuɗi kaɗan. Sai dai a riƙe ta da kyau, domin ita ma jakar auduga ba a banza ake samunta ba: wani bincike da Hukumar Muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya abin da yin ta ya ƙara wa ɗumamar yanayi, in aka gwada da ledar da aka ɗauka sau ɗaya aka yar. Jaka ɗaya ta shekara biyu ita ce riba, tara jakunkuna goma kuwa wata ɓarna ce.

Na biyu, abinci. Mai zuwa sayen tuwo ko shinkafa ya tafi da kwanonsa mai murfi, mai sayen koko ya tafi da kofinsa, kamar yadda ake yi a da ba wanda ya ce ƙauyanci ne. Uwargida ta kwashe tuwo da mara ta jera a kwano ko kula. Alala kuwa, ga makwabtanmu Yarabawa nan suna naɗe tasu da ganyen da suke kira ewe eran, da shi kuma suke naɗe agidi da shinkafar Ofada, kuma kowa ya ci ya san ganyen har ƙamshi yake ƙara wa abinci. Ana sayar da shi a kusan kowace kasuwa a ƙasar Yarabawa. Wanda bai samu ba ya dafa a gwangwani mai tsabta.

Na uku, ajiyar kayan miya. Albasa da doya da dankali da tattasai suna son iska. In aka ƙulle su a leda sai su yi gumi su ruɓe, a kwando kuwa sun fi daɗewa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji su kuma ba su son laima, saboda haka a wanke kwalaben da aka sha abin cikinsu, a busar, a zuba a rufe. Kwalba ba ta riƙe wari, kuma ana ganin abin da ke ciki ba sai an buɗe ba.

Na huɗu, tufafi da tarkace. Kayan da aka cusa a leda ko bakko a wannan ƙasa mai laima sukan yi fumfuna su yi wari, domin danshin ba ya samun hanyar fita. Adudu ko kwandon saƙa mai murfi, ko akwatin katako, ya fi. A ɗaki ƙarami kuwa dabarar ragaya har yanzu tana aiki: abin da aka rataye ya bar wa ƙafa wuri, kuma in ruwa ya shigo ɗaki ba ya taɓa shi.

Na biyar, ƙananan kayan aiki. Soso na asali, wanda ke yaɗo a jikin danga, yana wanke jiki da kwano. Tsintsiyar kwakwa tana ko'ina a Kurmi, ta ma fi ta roba shara. Muciya da ludayi ba su narkewa a bakin tukunya. Tabarmar kaba ba ta ɗaukar zafi kamar ta roba.

Kada wani ya ce ai nan ba gida ba ne, ina za a samu? Kurmi ma tana da masu sana'arta. A Mende, kusa da gadar Maryland a Ikko, akwai masu saƙa kwanduna da kujeru da akwatuna. Garin Oyo ya shahara da sassaƙar ƙwarya, Ogotun a Jihar Ekiti da saƙar tabarma, Ikot Ekpene a Jihar Akwa Ibom kuwa har laƙabi aka yi masa da birnin tukurwa saboda jakunkuna da tabarmi da huluna da ake yi can. Sayen kayan makwabci ma wata hanya ce ta zaman lafiya da shi.

A YI HATTARA DA WAƊANNAN

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta duka. Iskar Kurmi ba irin ta Katsina ko Damagaram ba ce, saboda haka ba duk abin da ya yi aiki a gida zai yi aiki a nan yadda aka saba ba.

Ƙwarya da kaba suna saurin yin fumfuna a wurin laima. A wanke ƙwarya a kife ta ta bushe sarai kafin a ajiye, a riƙa shanya tabarma da kwanduna duk ranar da rana ta fito, kuma kada a ajiye su a kan siminti kai tsaye, a ɗora a kan katako ko a rataye.

Randa tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafo da danshi, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu ba da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma inda iska ke cike da laima, kamar Ikko da Fatakwal da Kalaba, danshin ba ya bushewa da sauri, don haka sanyin ba ya kai na Arewa. Duk da haka randa a inuwa, inda iska ke wucewa, ta fi jarkar da ta wuni a rana. Sharaɗinta shi ne murfi, da moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, da wanki a kai a kai. Randar da aka bari a buɗe kowa na tsoma hannu hanyar kwalara ce, kuma gidan sauro ce.

Hatsi da garin rogo da sauran abin da ɓera ke so kada a bar su a kwando ko buɗaɗɗen masaki. Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, yana yawan ɓulla a jihohin Ondo da Edo da Ebonyi, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune. A nan abin da ake bukata shi ne mazubi mai murfi da ɓera ba ya iya hudawa: garwa ko duro na ƙarfe, ko tukunya mai murfi mai nauyi, in ba a samu ba ko da roba mai kauri. Rai ya fi komai. Amma jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na feshi ko wani sinadarin masana'anta a ciki, kome wankin da aka yi mata, kada a zuba mata ruwan sha ko man girki.

Haka kuma akwai wuraren da roba ta yi rana, ba kuwa za mu ƙi faɗa ba. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ya raba manomi da ɗan kasuwa da zuba guba a abinci. Akwatunan roba na ɗaukar tumatir sun rage hasarar da ake yi a hanya, domin ana jera su ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba kamar yadda kwando ke yi, kuma ana mai da su a sake lodi. Irin wannan roba mai shekaru tana aiki ba da ita ake faɗa ba. Abokiyar gabar ita ce wadda aikinta na minti biyar ne, zamanta a ƙasa kuwa ya fi na wanda ya yar da ita.

Sa'an nan kada garin gyaran gira a rasa ido. Akushi da turmi sai an sare itace, Arewa kuwa ba ta da itatuwan da za ta yi wasa da su. Kaba ma in aka yi ta yanka ba a bar wasu su girma ba, goruba za ta ƙare. Duma da soso da rama su ne ba su da wannan damuwa, tun da kowace damina ana shukawa a girbe, su ya kamata a fi ƙarfafawa.

AKWAI ABINCI A CIKI

Wani zai ce kwando da ƙwarya sun fi leda tsada. Haka ne a ranar saye. Amma ledar da ake cewa kyauta ce, mai kaya ya riga ya sa kuɗinta a farashi, kuma kullum sai an sake biya. A haɗa da kuɗin katifar da ruwa ya ɓata, da na asibiti, da cinikin da aka rasa ranar da aka rufe kasuwa, sai a ga inda arahar take. Araha dai ba ta ado.

Mu da fatauci ya kawo mu nan ya kamata mu hangi kasuwar da ke buɗewa. Miliyoyin mutane ne a Ikko doka ta ce su nemi abin da zai maye gurbin leda. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai goro daga kurmi zuwa Kano da Sakkwato da Barno a cikin huhu, an shimfiɗa masa ganyen fita, ana yayyafa ruwa, ya isa da ɗanyensa bayan tafiyar watanni. Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa kawo faifai da adudu da ƙwarya da soso daga ƙauyukanmu su sayar a nan ba, ga motoci kullum suna zirga-zirga. Kowane faifai da aka saya a Agege kuɗi ne ya shiga hannun wata tsohuwa ko wata matar aure a karkara wadda sana'arta ke neman mutuwa.

A duba bayan takardar Naira 20. Hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, a 1954, har aikinta ya kai ta Ingila da Amurka. Tun 2007 kuwa a kan roba ake buga wannan takarda. Ƙasar da ta ga ya dace ta girmama maginiyar tukwane a kan kuɗinta, ya dace ta kula da waɗanda suka gaje ta suna nan da rai.

KIRANMU

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a duk garuruwan Kurmi su tara jama'arsu su bayyana musu abin da dokar ta hana da abin da ba ta hana ba, su kuma sa ranar yashe kwatocin unguwa da na kasuwa ba sai an aiko da takarda ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Legas, da duk jihar da za ta bi bayanta, ta riƙa fitar da sanarwarta da Hausa a rediyo da kasuwanni, gama ba adalci ba ne a kama mutum da laifin da ba a gaya masa da harshen da yake ji ba. A fara da masana'antu da manyan dillalai masu ƙera kayan da shigo da su, kafin a zo kan mai tallan da jarinta bai fi na kwana ɗaya ba. A ja kunnen ma'aikata kada dokar ta zama hanyar karɓar na goro. A kuma tuna da 'yan baban bola, waɗanda da yawansu yaranmu ne: su ne ke tsince gorunan roba da ƙarafa daga juji su kai inda ake narkarwa, saboda haka a yi musu rajista a ba su wurin aiki da kayan kare jiki, ya fi a riƙa korarsu.

Muna kira ga gwamnatocin jihohin Arewa su taimaki masaƙa da maginan tukwane da masu gyaran ƙwarya da ɗan jari da hanyar kai kaya kasuwa, su kuma sa dashen goruba da giginya cikin shirinsu na dashen itatuwa. Ledar da ta toshe kwata a Ikko ita ce ke maƙale a kan ƙaya da gonaki a gida, saboda haka su ma dokar tana jiransu.

A ƙarshe muna kira ga kai mai karatu, da uwargida. A wannan mako a sayi kwando ɗaya ko a ɗinka jaka ɗaya, a daina ƙulla abinci mai zafi a leda, a daina hura wuta da ita. In an je ganin gida da Salla, a dawo da faifai da ludayi da ƙwarya cikin tsaraba, a nuna wa yaran da aka haifa a nan sunan kowanne da aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowane ɗaki a zango ya rage leda biyar a rana, kwatar unguwa za ta nuna kafin damina ta kewayo.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya zaunar da mu lafiya da makwabtanmu.